Gorar Manzo

Manzo mutumin Bande ne, amma shekara goma sha tara na ƙarfinsa a Magarya ya ƙarar da su, yana aikin garka a gidan wani Nasara mai kula da awon gyaɗa. Ba garkar albasa ko tumatir ba ce. Furanni yake shayarwa, da ciyawar da ake askewa duk mako, da wasu itatuwa da ba sa 'ya'ya. Shi ke jan ruwa, shi ke ɗauko taki, shi Madam, matar Nasaran, take ƙwala wa kira ta taga in ta ga ganye ɗaya ya yi ja. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa faɗin sunansa daidai ba. "Mazo" take ce masa, shi kuma ya amsa.

A kusurwar gidan, inda ruwan wanka ke gangarawa, akwai gora. Ba irin wadda ake kawowa daga kudu a yi jinka da ita ba. Wannan siririya ce, rawaya, kowace gaɓa da ɗan layi kore kamar an ja shi da alƙalami. A tukunya Madam ta zo da ita daga bakin teku, aka gina mata rami da siminti ta kowane gefe, domin ba ta zama wuri ɗaya. Saiwarta tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo inda ba a zata ba. Manzo ya san haka sarai. Kowace damina shi ke bin bakin simintin da wuƙa, yana datse saiwar da ta so haurawa.

A 1970 Nasaran ya koma ƙasarsu. Sabon shef, wato shugaban awon, da aka kawo ɗan ƙasa ne, yana da mota, kuma kusurwar gorar nan ce ta yi masa daidai da wurin ajiye ta. Ya ce a tuge komai, ya kuma ce ba ya bukatar mai shayar da furanni. Manzo da hannunsa ya sare gorar da ya raina. Da ya gama, ya zaɓi guntun saiwa mai ido uku, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya ɗora kan amalanken jaki tare da tabarmarsa da rabin tsohuwar gangar ƙarfe, ya kama hanyar Bande.

Gidan ubansu ne, an raba shi biyu da darni: gabas na Manzo, yamma na ƙanensa Habu, rijiya ɗaya a baya suna sha tare. Duk shekarun da Manzo yake Magarya, Habu ne ke noma gonar gado, shi ke duba Saratu matar Manzo da 'yarsu Hinda, har ya aurar da ita a garin Kwaya. Da aka sauke kaya, Habu ya tsuguna gaban buhun.

"Yaya, me ka kawo mana?"

"Gora ce."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"To magani ce?"

"A'a. Kallonta ake yi."

Habu ya yi dariya har ya dafa ƙasa, ya ƙwala wa matarsa Tani kira ta zo ta ga tsarabar shekara goma sha tara. Manzo ya kama aikinsa. Ya fasa gindin gangar, ya binne ta kusa da rijiya, ya cika da taki da yashi, ya dasa saiwar a ciki. Siminti ya fi ƙarfinsa, amma ya ce ƙarfe zai riƙe ta.

Da yamma Saratu ta same shi yana yayyafa ruwa. Ta ce, "Malam, da lemo ka dasa a nan, ko zogale, ai da mun amfana."

Ya ce, "Saratu, tun ina da baƙin gashi nake shayar da abin kallo don idon wani. Ni ma Allah ya ba ni ido."

Ta koma ɗaki. Mace ce mai haƙuri, ta kuma ga abin da ya dawo da shi daga birni bai wuce tabarma da ciwon baya ba.

Gorar ta kama. Ƙasar Bande ta wajen kwari ruwanta ba nisa, ga taki, ga mutumin da ya san aikinsa. Shekara biyu ta wuce tsayin darni, in iska ta kaɗa sai ganyen ya riƙa wani sauti kamar ana sheƙar hatsi daga nesa. Manzo ya daina zuwa dandali. In ya dawo gona sai ya shimfiɗa buzu a gindinta, ya zauna da carbi. Masu zuwa roƙon sanda ɗaya ko biyu, don tsinken asabari ko kora kaji, duk ya hana su. Aka fara ce masa Nasaran Bande, a bayan idonsa da farko, daga baya a gabansa.

Daminar 1972 ta yi gardama, ta 1973 kuwa ta ƙi sam. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa ko fure ba ta yi ba. Kafin tsakiyar rani rijiyoyin unguwa sun ƙafe, sai tasu Manzo, ita ma sau biyu aka yi wa igiyarta ƙari. Mata suka riƙa jeruwa a bayan gidan da tuluna tun safe, guga ya sauka ya daɗe kafin ya taso da rabin ruwa rabin laka. A gaban idonsu Manzo yake ɗaukar guga biyu ya juye a gindin gora.

Ran nan Tani ta kasa haƙuri. Ta ce, "Yaya, ruwan nan da ka zubar, da shi zan dama wa yara kunu."

Ya dube ta, ya dubi matan da ke jere. Daga ranar bai ƙara jan ruwa don gora ba. Amma a gindinta yake alwala sau biyar, a nan Saratu ke zubar da ruwan wanke-wanke, shi kuma ya rage wanka ya koma Juma'a zuwa Juma'a, yana yi a tsaye a wurin. Gorar ta rage ganye, ba ta mutu ba. Duk unguwar babu wani abu kore sai ita, tana leƙowa ta saman darni, kuma mutanen da awakinsu ke cin tsumma a hanya ba su yafe mata wannan ba.

Ana cikin haka Labbo ya zo. Bafulatani ne mai noma da kiwo, rugarsu yamma da gari. Tun zamanin iyayensu shanun gidansu ke sauka a gonar su Manzo da rani, su bar taki, a ba su hatsi. Shi da Manzo sa'o'i ne, tare suka yi ƙuruciya. Cikin shanu arba'in da yake da su, huɗu suka rage. Da hantsi ya tsaya da su a ƙofar gida, ƙasusuwa a waje, jar saniya ɗaya tana tangaɗi. Manzo ya fito, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo yadda suka saba, kowa na cewa lafiya lau.

Labbo ya ce, "Aboki, kudu zan yi. An ce bayan iyaka, wajen Babura, ana samun harawa. Ganyen nan naka na zo roƙo. Ba duka ba, abin da zai ɗan riƙe su a hanya."

Manzo ya waiga ya dubi gorar. Ya ce, "Labbo, in aka zage ganyenta a zafin nan, mutuwa za ta yi."

"Saniya ma mutuwa za ta yi."

"Ganyen bai kai ya ƙosar da ko ɗaya ba. Bari in auno maka jar dawa, cikin wadda kamyon taimako, babbar motar nan, ya kawo."

Labbo ya dube shi. Ya ce, "Bar wa iyali dawarsu. Na gode. Allah ya bar zumunci." Ya ɗora sanda a kafaɗa, ya kora shanunsa a hankali, saboda jar saniyar ba ta iya sauri.

Saratu tana bayan darni, ta ji komai. Da Manzo ya shigo ba ta ɗaga kai daga turmi ba. Ta ce, "Lokacin da nonona ya ƙafe, Hinda tana wata huɗu, kana Magarya. Nonon uwar jar saniyar nan ta sha har ta yi ƙwari. Kullum matar Labbo ke kawowa da ƙafarta, ba ta taɓa karɓar ko tsaba ba."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba, Malam."

Yinin ranar bai ci komai ba. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya gorar, ya koma ya zauna. Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki lauje ya zage ganyen tas, ya sare kawunan masu taushi, ya cika buhu uku, ya ɗaure wa jakin Habu, ya bi hanyar kudu. Kafin azahar ya ga ungulaye suna kewaya wani gawo a gefen hanya. Jar saniyar ce. Ko fatarta ba a feɗe ba. Wata tsohuwa mai tsintar itace ta ce masa Bafulatanin ya zauna wajenta har la'asar jiya, sannan ya wuce da ukun.

Manzo ya ci gaba har Magarya. Ya zaga kasuwar dabbobi, ya tambaya a tashar mota, ya tambayi Fulanin da suka yi zango bayan gari, ɗaruruwa, kowa da 'yan ragowar dabbobinsa. Ba wanda ya san wani Labbo na Bande. Ganyen ya fara yaushi a buhu. Ya juye shi gaban wasu tumaki da bai san mai su ba, ya juyo gida a ƙasa, jaki na binsa.

Labbo bai ƙara dawowa Bande ba, ba kuma wanda ya kawo labarinsa. A gari abin da aka riƙe shi ne Manzo ya hana amininsa ganye. Cewa ya bi shi da buhu uku, waɗanda suka sani ma ba su ga abin faɗa a ciki ba. Shi kansa bai taɓa kawo zancen don ya wanke kansa ba.

Ya zaci gorar ta mutu, kuma a ransa ya yarda da hakan. Sai ga daminar 1974 ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gorar da aka sare wa kai ta mai da ƙarfinta duka ƙasa. Gangar da ya binne tsatsa ta cinye ta tun tuni, bai tona ya duba ba. Tsiro ya fara ɓullowa a tsakar gida, a bakin rijiya, a madafar Tani. Inda ya gani ya datse. Amma akwai inda bai gani ba: ƙarƙashin ruhewar Habu, rumbun ƙasa da ubansu ya gina. Nan tsiro biyu suka taso suka tokare gindin, suka tsaga shi, tsaga siririya da ba a lura da ita ba.

Kakar shekarar ita ce ta farko da mutane suka ga hatsi bayan yunwa. Habu ya zuba geronsa duka a ruhewar, ya liƙe bakin, ya ce ba za a taɓa ba sai rani ya tsananta. Ta tsagar nan gara ta shiga. Ranar da ya buɗe, na sama lafiya lau. Da ya zura hannu ƙasa sai ya damƙo jar ƙasa da ƙaiƙayi. Fiye da rabi ya tafi. Aka fasa gindin ruhewar, ga gora nan ta murɗe a ciki, fara sol saboda rashin rana.

Habu bai shiga sashen wansa ba. Kai tsaye gidan mai gari ya tafi, aka aiko kiran Manzo. Zauren ya cika.

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ina noma gonarsa, ina ciyar da matarsa, na aurar da 'yarsa. Ban taɓa gori ba, yau ne na fara. Ya dawo, bai kawo mini ko hula ba, sai wannan abu. Yunwa ba ta kashe mini yara ba, shi ne zai kashe su don ya sami abin kallo?"

Mai gari ya ce, "Manzo, ka san tana tafiya a ƙasa lokacin da ka dasa ta?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ka gaya wa ɗan'uwanka?"

"Ban gaya masa ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Mai gari ya yanke cewa a tuge gorar har saiwa. Manzo ya ce ya ji, ya kuma ce a buɗe nasa rumbun Habu ya kwashe. Dattawa suka so a raba biyu. Habu ya zo da amalanke ya kwashe duka, ko zangarniya bai bari ba. Bayan wata ɗaya ya tattara iyalinsa ya koma bakin gari, ya yi sabon gida. In sun haɗu a masallaci sai ya canza sahu.

Nan Manzo ya shiga tono. Ya sare gorar a rana ɗaya, wannan ba wuya. Saiwar ce aiki. Tauri gare ta kamar igiyar fata, ta bi ta ƙarƙashin darni, ta ƙarƙashin ɗakin Saratu, ta shiga tsakanin itatuwan da aka ɗaure bakin rijiya da su. Yakan bi jijiya ɗaya da dagi da gatari yini guda, ta tsinke masa a ƙarƙashin bango. Guntun da ya rage, ko tsawon yatsa ne, damina na sauka sai ya tsiro. Ya ƙona, ya zuba toka, ya zuba ruwan kanwa. Tsakar gidan ta koma ramuka, Saratu na tsallakawa da tulu a ka. Ba wanda ya kama masa, shi ma bai nema ba. Waɗanda da suke masa dariya yana shayarwa, yanzu suna leƙowa su yi masa dariya yana tono.

Damina uku yana wannan. Ga gona ba mai taimako, ga gyaɗa da cuta ta kama a 1975 ba a ɗebi komai ba, sai Saratu ta koma yin daddawa tana kaiwa kasuwa. Bayansa ya ranƙwafe, ya fara tafiya yana dafa gwiwa. A ƙarshen daminar 1977 zazzaɓi ya kwantar da Saratu kwana biyar, ta rasu. Tani ta zo ta yi mata wanka, ta yi kuka sosai, don su biyun ba su taɓa faɗa ba. Habu ya bi gawa maƙabarta, ya juya daga can bai biyo gida ba.

Bayan arba'in Hinda ta zo da mijinta. Ta tsaya a tsakar gidan tana duban ramukan, ga sabbin tsiro uku a bakin ƙofar ɗakin uwarta.

Ta ce, "Baba, tashi mu tafi Kwaya."

"Ban gama ba. Mai gari ya ce har saiwa."

"Ba za ka gama ba, Baba. Ta gama da kai dai. Tashi."

Ya bi ta, ba gardama. Gidan, da sashensa da na Habu, wani ɗan kasuwa mai suna Wada ya saya. Wada bai yi faɗa da gora ba. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi ya zagaye bayan gidan, ya bar ta ta cika wurin. Shekara na zagayowa ya fara sara yana sayarwa: masu saƙa asabari suna saye, masu kejin tsuntsu suna saye, makiyayan da suka fara farfaɗowa suna sayen masu kauri su yi sanda. Mutanen da suka tsine mata a zauren mai gari suka koma cewa ai itace ne mai albarka, Wada mutum ne mai kai. Gorar Wada ake ce mata.

Labarin ya kai Kwaya. Mijin Hinda ne ya faɗa suna cin tuwo, da nufin ya faranta wa surukinsa rai. Manzo ya ce, "To, madalla," ya wanke hannu ya tashi. A Kwaya ba ya aikin komai. Hinda ta taɓa roƙonsa ya dasa mata zogale a bayan ɗaki, tunda hannunsa na da kyau. Ya ce ta sa wani. Da rana yakan zauna a ƙofar gida, in garken shanu ya wuce sai ya miƙe da ƙyar ya tsai da makiyayin, ya tambaye shi daga wane wuri, ko ya taɓa zuwa wajen Babura. Yaran makiyaya suka gane shi, suka riƙa canza hanya.

Ya rasu cikin ranin 1979, bayan ya kwanta wata biyu. Hinda ta aika Bande sau biyu yana kwance, Habu bai zo ba. Sai ranar addu'ar uku ya iso, shi ma ya tsufa, ya zauna a gefen tabarma aka shafa fatiha da shi. Da mutane suka watse ya sa aka kira Hinda.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Ya bar wata magana?"

"Bai bar komai ba, Baffa. Ƙofa dai yake ta kallo."

Habu ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa a hannu. Can ya ce, "Akwai gatarin ubanmu a wajensa. Na gado ne, ba a raba ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Ƙarfen ya cinye, bai fi faɗin yatsa uku ba, ƙotar an ɗaure ta da fata a wuri biyu. Ta ajiye a gabansa. Ya juya shi, ya shafa bakin da babban yatsa, ya saɓa a kafaɗa. Aka kawo masa fura bai sha ba, ya ce yana so ya isa Bande kafin rana ta yi zafi.